Kukan birkin faifai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: lamarin wani keke a Maradi

Keken irin na hawan tsauni ne, na gwanjo, cikin waɗanda ake lodowa daga Turai a kwantena. Yana da giya da yawa da taya mai kauri, da birkin faifai gaba da baya, irin wanda waya ke ja, ba na mai ba. Wani saurayi ɗan unguwar Bagalam a Maradi ne ya saye shi bayan kaka. Ya kai wa mai walda ya ƙera masa kariya mai ƙarfi ta ɗaukar kaya a baya, don da keken yake zuwa makaranta da safe, da yamma kuma ya kai wa mahaifiyarsa kaya wurin masu saye, daga unguwar Sabon Gari har unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo.

Da farko lafiya lau. Hunturu na kankama sai birkin baya ya soma kuka. Ba ɗan ƙaran da ake jurewa ba ne, kuwwa ce mai tsini da ke tasowa daidai lokacin da keken ya kusa tsayawa, har ƴan kabu-kabu su waiwayo, yara su bi shi suna kwaikwayo. Shi kunya ce ta dame shi. Abin da ya fi cancanta ya dame shi kuwa bai lura da shi ba sai da aka tambaye shi daga baya: tun makon da kukan ya fara, sai ya matse hannun birki fiye da yadda ya saba kafin keken ya tsaya.

Hannu biyu na farko

Wurin wani dattijo ya fara kai shi, mai gyaran keke a gindin bedi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa kan Phoenix da Raleigh masu birkin sanda. A irin waɗannan kekuna, abin da ke ƙara yawanci mahaɗar ƙarfe ce da ta bushe, maganinta kuma ɗigon mai. Dattijon ya saurara, ya ji daga gidan birkin baya ƙaran ke fitowa, sai ya ɗiga baƙin mai a kan ɗan hannun da waya ke ja, da kuma bakin wayar. Bai zuba a kan faifai ba, ya san ba a sa wa wurin kamun birki mai. Amma tsakanin wannan ɗan hannu da takalmin birki, wato abin da ke matse faifai, bai kai faɗin yatsa biyu ba, kuma mai ba ya zama inda aka ajiye shi. Ranar keken ya yi shiru, saurayin ya tafi yana godiya. Shirun na birkin da ya daina kamu ne. Washegari da ƙyar ya kauce wa amalanken shanu a wata kwana, da ƙafa ya ƙarasa tsayawa. Ƙura na haɗuwa da man kuma sai kukan ya dawo, ya fi na da muni.

Na biyu wani matashi ne mai faci. Ya ciro takalman birkin, ya wanke su da fetur ɗin kwalba na bakin hanya, sannan ya ɗora su kan garwashin mai shayi har suka daina hayaƙi. Wannan dabara ta yaɗu, kuma ba za a ce ba ta taɓa aiki ba, shi ya sa ake ta maimaita ta. Matsalarta biyu. Fetur yana narkar da mai, amma sai ya ƙara shigar da shi cikin takalmin, ya kuma bar nasa maiƙon idan ya bushe, balle na kwalba da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Wuta kuwa tana ƙona man da ke sama, amma tana cin danƙon da ya haɗa ƙwayar takalmin, wato ɓangaren da ke gogar faifai, tana kuma raunana mannewar da ke tsakaninta da farantin ƙarfen bayanta. Takalmin da ƙwayarsa ta ɓalle a gangara ya fi takalmi mai kuka haɗari nesa ba kusa ba. Bayan wannan aiki birkin ya ɗan kama na ƴan kwanaki, sannan ya koma gidan jiya.

Inda kukan ke fitowa

Birkin faifai ba shi da sarƙaƙiya. Faifan ƙarfe ne ɗaure da cibiyar ƙafar keke a gefen hagu, yana juyawa tare da ita, ya ratsa ta cikin gidan birki inda takalma biyu ke jiransa, ɗaya ciki ɗaya waje. Idan suka matse shi, gudun keken ya koma zafi. Lafiyayyen birki gugarsa a miƙe take, ba yankewa. Idan wani abu ya ɓata fuskar takalmi ko ta faifai, sai gugar ta zama kama-saki: takalmin ya riƙe faifai, ya suɓuce, ya sake riƙewa, sau ɗaruruwa ko dubbai cikin daƙiƙa guda. Wanda ya taɓa ganin mai goge yana shafa ƙaro a jikin izga kafin ya fara kiɗa ya ga wannan aikin da idonsa. Ƙaron ne ke sa izga ta kama ta saki, ƙoƙon kuma ya ɗaga sautin. A keke, faifan nan siriri shi ne ƙoƙon, sifoki da firam su taya shi.

Abubuwan da ke jawo kama-sakin ba ɗaya ba ne, kuma kowane da irin muryarsa. Maiƙo a takalmi yana ba da kuwwa mai ƙarfi tare da raunin kamu. Takalmin da fuskarsa ta goge ta yi santsi da ƙyalli saboda zafi yana ba da siririn fito. Notin da ya saki ko gidan birkin da ya karkace yana ba da gurnani da karkarwar da mahayi ke ji har a sirdi. Faifan da ya lanƙwashe yana yin ƙis-ƙis sau ɗaya a kowane zagaye, ko ba a taɓa birki ba. Ruwa ma yana sa kuka, amma nasa na ɗan lokaci ne. Mai gyara da ya iya bambanta waɗannan da kunne ya gama rabin aiki tun bai ɗauki sifana ba.

Shago na uku

Na ukun mai gyaran babur ne da ke taɓa kekuna, a bakin hanyar da ta nufi Ɗan Isa. Birkin faifai ba baƙo ba ne a wurinsa, yana ganinsa kullum a ƙafar gaba ta wasu babura. Bai fara da kwance komai ba. Ya hau keken ya zagaya, ya ja birkin gaba shi kaɗai, ya ja na baya shi kaɗai. Na gaba yana kamu sosai, sai dai yana ɗan gurnani. Na baya ya matse hannu har ya kusa taɓa kan keke, ƙafar ba ta daina juyawa ba, ga kuwwa.

Ya sauko ya riƙe taya ta baya ya girgiza ta hagu da dama don ya ji ko boris ya yi sako-sako, domin ƙafar da ke wasa tana tafiya da faifai, ba saitin da zai zauna. Ba wasa. Ya duba maɗaurin ƙafar, a matse yake. Ya bi notocin faifai guda shida ɗaya bayan ɗaya, masu kan tauraro da ake kwancewa da makulli T25, duk a ɗaure. Notoci biyu na gidan birkin baya ma haka. A gaba ne ya tarar da ɗaya daga cikin notocin gidan birki ya saki kusan rabin zagaye. Ya saita ya ɗaure da kile alan mai lamba 5, gurnanin gaba ya tafi ke nan, bai sake dawowa ba.

Sannan ya shafa farin ƙyalle a faifan baya. Ƙyallen ya fito baƙi, da maiƙo. Ya zare ƙusar da ke riƙe takalma, ya ciro su ya miƙa wa saurayin a tafin hannu. Fuskarsu baƙa ce wuluk tana ƙyalli, gefen ɗaya ya tsattsage saboda garwashi, ka danna farce ya bar gurbi.

"Mi aka sa ma wanga birki?"

"Baba, baƙin mai ne. Wani tsoho ya ɗiga mashi."

"To shi ya kashe ma shi. Waɗanga sun gama aiki, sai sabbi."

Hukuncin da ya yanke kan takalman daidai ne. Ƙwayar takalmi tana da ƙananan kafofi, tana shan mai har ciki. Idan maiƙon kaɗan ne kuma sabo, ana iya shimfiɗa sandifefa a kan abu mai lebur, a goge fuskar har launinta na asali ya fito, wani lokaci a dace. Idan ya jiƙu, duk sanda birki ya ɗumama sai man ya sake tsattsafowa sama. Kuma ko ba mai, takalmi yana da iyaka: kamfanin Shimano mai ƙera birki na cewa a canza shi idan ƙwayar ta koma kaurin rabin milimita.

Samun sabbin ne ya ci lokaci. Takalman birkin faifai ba siffa ɗaya gare su ba, kowane gidan birki da nasa yanka. An yi sa'a wannan keken yana ɗaukar siffar da ta fi yawa a kasuwa, irin ta B01S ta Shimano, wadda birkunan Tektro da dama ma ke ɗauka. Duk da haka ba a samu a kusa ba, sai da aka ba wani direban hanyar Jibiya tsohon takalmi ɗaya a leda ya gwada a Kano ya sayo biyu-biyu. Akwai abin da mai gyaran ya ja kunne a kai kafin a sayo. Takalma iri biyu ne, na danƙo da na garin ƙarfe. Na ƙarfe ya fi daɗewa a laka da ruwa, amma ya fi surutu, ya fi cin faifai. Na danƙo ya fi shiru da saurin kamu, sai dai yana saurin ƙarewa. Faifan wannan keke kuwa an rubuta a jikinsa cewa na danƙo kaɗai yake ɗauka, kamar yadda ake rubutawa a faifai masu araha da yawa. Saboda haka ba zaɓi.

Faifan mai faɗin milimita 160 ne. Sabon irinsa kaurinsa milimita 1.8, an kuma buga 1.5 a jikinsa, wato iyakar da in ya kai sai a jefar. Aka aro ma'aunin kauri wurin mai gyaran injin niƙa na kusa, ya nuna 1.7, da sauransa. Aka kwance shi aka wanke da ruwan zafi da sabulu, aka bi ramukansa ɗaya-ɗaya da auduga a tsinke, don a nan maiƙo ke ɓuya ya jira sabon takalmi. Aka goge fuskokinsa biyu da sandifefa mai laushi, aka ƙare da alkol. Wanda masu ƙera birki ke ba da shawara shi ne irin wanda masu gyaran salula ke wanke allon waya da shi, don yana bushewa ba ya barin komai. Gidan birkin ma aka wanke shi ciki da waje. Daga nan mai gyaran ya hana yaron shagonsa taɓa fuskar faifan da hannu, da ƙyalle mai tsabta aka riƙe shi har aka mayar, aka ɗaure notocin shida ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa don ya zauna daidai.

Wurin saiti ne gwanintarsa ta fito. A yawancin birkunan waya, takalmin waje kaɗai ke motsi. Shi ke tura faifai ya ɗan lanƙwasa har ya jingina da takalmin ciki, wanda a tsaye yake. Idan na cikin ya yi nisa, faifan zai riƙa lanƙwasa da yawa a kowane ja, kamu ya ragu, ƙara ta ƙaru. Ana matso da shi ne da wani noti da ake kaiwa gare shi ta tsakanin sifoki. Mutane da yawa ba su san da wannan noti ba, idan birki ya yi nisa sai su ja waya su ƙara ɗaurewa. Haka yana cinye tafiyar ɗan hannun birki, wata rana a matse a tarar ya kai ƙarshe bai kama komai ba. Mai gyaran ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ya leƙa ta saman gidan birki, yana juya notin kaɗan-kaɗan har hasken da ke tsakanin faifai da takalmin ciki ya koma kamar zare, na waje kuma ya ɗan fi shi faɗi, duka biyun a miƙe daga sama har ƙasa.

Saura zaunar da sabon takalmi, matakin da aka fi tsallakewa. Sabon takalmi da wankakken faifai ba su san juna ba. Sai an shafa wa faifan siririn shimfiɗi na ƙwayar takalmin, ko'ina daidai, sannan birki ke kai ƙarfinsa ya kuma yi shiru. Ƙa'idar da kamfanin SRAM mai ƙera birki ke bayarwa ita ce a ɗauki matsakaicin gudu, a ja birki da ƙarfi har a dawo gudun mai tafiya a ƙasa, a saki ba tare da an tsaya cak ba, a yi haka sau 20, sannan a ƙara sau 10 da gudu mafi yawa. Ba a yin wannan a lungunan Maradi, rairayi ne, kana ja ƙafar baya za ta kulle ta ja ƙasa, faifai bai goga komai ba. Kwalta ake nema, in da ɗan gangare ya fi. Garin kuwa yana da shi, tun da bayan ambaliyar 1945 aka tashe shi daga kwarin gulbi aka mayar kan tudu, hanyoyin da ke sauka fadama duk gangara ce. Can aka tura saurayin. Ya dawo yana murmushi, birki na kamu da yatsa biyu, ba ko tari.

Komawar kukan

Bai cika mako uku ba ya dawo da keken a hannu. Kuwwar nan dai, da raunin nan.

A nan ne lamarin ya cancanci a rubuta shi, domin duk abin da aka yi a baya aiki ne mai kyau, kuma duk an yi shi ne kan amsar da ba ta cika ba. Saurayin ya ce takalman Kano ne jabu. Yaron shago ya ce ƙila ba a wanke baƙin man tsohon nan duka ba. Mai gyaran bai karɓi ko ɗaya ba. Takalmi maras kyau yana iya saurin ƙarewa ko ya yi fito, amma ba ya haifar da maiƙo da kansa, ga shi kuma ƙyallen da ya sake shafawa ya fito da maiƙo. Wannan karon ba baƙi ba ne, ja-ja ne, launin ƙurar gari, yana ɗan danƙo a yatsa. Sai ya yi tambayar da ba wanda ya yi tun farko, har shi kansa:

"Ɗana, kafin ka kai ma tsohon nan, mi ya sa ka kai mashi?"

"Ai kuka shikai, Baba."

"Ashe kukan ya riga baƙin mai."

Ruwa ba ya tsami banza. Baƙin man dattijon ya zo ne daga baya ya rufe sawun abin da ya fara ɓarnar, kuma da yake laifi ne da ake gani ƙuru-ƙuru, kowa ya tsaya a kansa ya huta. Ni a ganina wannan ya fi kowane kuskuren hannu yawa a wurin masu gyara, na keke da na mota duka. Da zarar an sami wanda ya taɓa abu kafin ya iso gare su, bincike ya ƙare.

Ta ina mai zai kai ga faifan baya? Hanyoyin ba su da yawa. Da birkin na mai ne, abin zargi na farko shi ne yoyo daga robar fistan a cikin gidan birki, wanda ke jiƙa takalmi ta baya. A irin waɗannan ma akwai wata ɓarna da ake yi a garuruwanmu: birkunan Shimano da Tektro da Magura man ma'adini suke sha, ba man birkin mota ba, wanda ya ɗura musu na mota robobinsu za su kumbura su lalace. Amma wannan na waya ne, ba mai a cikinsa. Hanya ta biyu giris ɗin boris, idan an cika shi da yawa zafi ya narkar da shi. Wannan yana barin alama, zane-zanen maiƙo daga tsakiyar faifai zuwa baki, don juyawa ke watsa shi waje. Tsakiyar wannan faifai a bushe take. Ta uku man sarƙa, musamman na fesawa. Sarƙa a dama take, faifai a hagu, kuma saurayin da gashin kaza yake shafa wa sarƙarsa mai, ba ya fesawa.

Hunturu ne ya taimaka. A wannan lokaci ƙura na sauka kan komai, amma a busasshen ƙarfe hurawa kawai za ka yi ta tashi. Inda maiƙo yake kuwa sai ta manne ta yi kauri. Mai gyaran ya tsuguna ya bi keken da ido. Ƙafar kariya ta dama fes, ƙura ce sama-sama. Ta hagu kuwa ta yi jar riga tun daga sama, layin ya gangaro ya bi ta kan notin da ya haɗa kariya da firam, ya ƙare daidai saman gidan birki, inda takalman ke buɗe ta sama. Ya kankaro kaɗan da farce ya shinshina. Ya ciro takalmi ɗaya ya kusantar da shi ga wutar ashana na ɗan lokaci, ya sake shinshinawa, ya miƙa wa yaron shago.

"Maigida, wanga ai ƙanshin tuya ne."

Kayan da saurayin ke kai wa mahaifiyarsa man gyaɗa ne. Sana'arta ke nan, ƙuli-ƙuli da mai, kamar mata da yawa a garin da gyaɗa ta gina arzikinsa kafin farin shekarun 1970 ya karya nomanta na fitarwa. Bai taɓa zuwa shagon da kaya a keke ba, kuma ba wanda ya tambaye shi me yake ɗauka. Jarka ce mai lita 25, wadda in ta cika da man gyaɗa takan kai wajen kilo 23. Don kada ta yi tsayi ta riƙa rinjayarsa, sai ya kwantar da ita a kan kariya ya ɗaure da roba, bakinta na kallon hagu, gefen da yake tsayawa idan zai tura keken, don ya riƙa ganinsa. Murfin ya rasa robarsa ta ciki, da leda ake naɗe bakin kafin a murɗa. Jarka a kwance, mai na jingine da murfi. Rana ta buga ta, iskar da ke ciki ta kumbura ta turo man ta cikin zaren murfi. Duk inda ya tsaya sauke wa mai saye kuma sai ya kafa jakin keke, wanda ke karkatar da shi hagu. Ba zuba yake yi ba, da an gani. Naso ne, ɗigo ɗaya yau, ɗaya jibi, yana bin ƙarfe a hankali. Takalmin birki bai fi girman ɗan yatsa ba, ɗigo biyu sun ishe shi.

Wannan ya warware sauran abubuwan da ba su daidaita ba. Ya bayyana dalilin da ya sa na baya kaɗai ke yi, da dalilin da ya sa kukan ya fara bayan kaka, lokacin da gyaɗa ta yi araha aikin matsa ya yawaita. Ya kuma bayyana danƙon, domin man girki idan ya sha zafi akai-akai yakan yi kauri ya manne, ba kamar man inji ba. Irin wannan maiƙo mai danƙo shi ya fi iya haddasa kama-saki.

Abin da aka yi

Aka sake wanke faifai, wannan karon aka fi ba ruwan zafi da sabulu ƙarfi, don alkol ɗin farmasi ba ya narkar da man gyaɗa sosai, nasa aikin ɗauraya ce ta ƙarshe. Aka wanke kariyar da firam ɗin gefen hagu gaba ɗaya, tun da maiƙon da ya rage a can zai ci gaba da gangarowa ko an daina ɗaukar mai. Takalman mako uku aka gwada cetonsu da sandifefa, aka goge har fuskar ta yi fari-fari, aka mayar. Sun yi shiru da sanyin safe, da suka ɗumama a gangara sai kukan ya taso. Aka cire su aka sa na ajiya, aka sake saiti, aka sake zaunarwa.

Babban gyaran ba a jikin birki aka yi shi ba. Kafinta ya haɗa ɗan akwatin katako a kan kariya wanda jarka za ta tsaya a ciki bakinta sama, aka shimfiɗa masa yankin tsohuwar jarka a ƙasa mai ɗagaggen baki, don abin da ya nasa ya taru a nan. Aka yanka zobe daga tsohon tib aka sa cikin murfi a madadin leda. Aka ce kada a riƙa cika ta har wuya. Mai gyaran ya so a raba kayan jarka biyu ƙanana saboda nauyi ya sauko ƙasa, amma uwar ta ce masu saye da babbar suka saba aunawa, aka bar shi haka. Tsayuwar jarkar ta sa keken ya ɗan fi wuyar riƙewa a rairayi, saurayin ya yi ƙorafi, sannan ya saba.

An kuma gyara masa hannu. Kamar yawancin mahaya a nan, tsoron birkin gaba yake yi, wai zai kifar da shi, saboda haka duk nauyinsa da na jarka a kan na baya yake sauke su. Alhali idan ana tsayawa nauyi gaba yake komawa, na gaba ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa a kan kwalta. Jan na baya shi kaɗai tun daga saman gangara har ƙasa yana dafa takalmi, ya sa fuskarsa ta yi ƙyalli, wani kukan ke nan na daban da ke jiransa ko ba mai. Aka nuna masa ya riƙa haɗa biyun, ya ja ya saki maimakon ya riƙe, ya bar na baya ya fi yawa a rairayi kawai inda ƙafar gaba ke iya zamewa. Aka nuna masa notin takalmin ciki, aka ce duk sanda hannun birki ya fara nisa shi zai ɗan juya, kada ya taɓa waya.

Bazara ta wuce da zafinta na sama da digiri 40, birkin bai ce uffan ba. Ranar da aka yi ruwan farko na damina ya shigo shagon a firgice, wai abin ya dawo. Mai gyaran ya shafa ƙyalle, ya fito da laka, ba maiƙo. Ya ce ya je ya ja birki sau uku ko huɗu a kan kwalta ya dawo. Kafin ya kai kwana faifan ya bushe, kukan ya ɗauke. Abin da damina ta kawo na gaske shi ne cin takalmi, don yashi da ruwa suna goge na danƙo da sauri, har aka sake aikawa Kano kafin kaka. Saurayin ya sayo har da na ajiya, amma a shagon ya bar su cikin ledarsu, a gwangwanin da mai gyaran ke zuba notoci. Ya ce a gidansu ba abin da zai kwana bai taɓa man gyaɗa ba.